Finafinai bakwai da suka kwana a bakinmu a 2024

Mai karatu, duk ƙarshen shekara za ka ga an jera finafinan da suka fi tashe, wannan ya ce wane ne gwarzo, wancan ya ce wance ce tauraruwa. Yawancin masu jerin nan a Kano suke, ko Kaduna ko Abuja, inda mutum zai iya yankar tikiti ya shiga sinima. Nawa jerin daga Illela yake, garin da in ka hau babur ka nufi arewa, kafin ka gama gaisawa da mai babur ɗin kun shiga Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Mu ba mu da sinima. Abin da muke da shi akwatin talabijin ne mai jiran wutar sola, da waya, da shagunan masu turi na bakin tasha inda za ka miƙa memori a cika maka shi. Don haka in na ce finafinan 2024, ina nufin waɗanda suka iso gidanmu a 2024, ko da an yi su shekaru kafin nan. Kuma a wurinmu shiri mai dogon zango ma fim ne, tunda Kannywood ɗin kanta can ta koma.

Ma'aunina ɗaya ne. Fim ɗin da aka gama kallo aka kwanta, da safe wajen shan koko wani ya sake tayar da maganarsa, shi ne fim a wurina, kuma wanda ya kwana uku a bakinmu ya fi wanda ya kwana ɗaya. Mu takwas ne a gidan: ni, malamar firamare, maigida, ɗan kasuwar albasa, Inna mahaifiyarsa, haifaffiyar Ƙonni, ƙaninsa saurayi mai kabu-kabu, sai yara huɗu. Ka riƙe wani abu kuma a ranka. Shekarar ta same mu iyaka a rufe tun watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin da aka yi wa Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, ba a buɗe ta ba sai watan Maris. Wata bakwai da ɗoriya manyan motoci na jere a bakin hanya, kasuwar Lahadi ta rame, mazan gidan sun samu lokacin da ba su nema ba. Da irin wannan idon muka kalli komai.

Na bakwai shi ne Gidan Badamasi. Tun 2019 Falalu Ɗorayi ya fara kawo shi a tashar Arewa24, kuma ƙashin bayan labarin yana nan yadda yake: tsoho mai dukiya mai maƙo, da tulin 'ya'yan da ya tara daga aure-aure, kowa ya zuba ido yana jiran gado. Na sa shi ne domin shi kaɗai a jerin nan za a kunna mu takwas mu zauna, babu wanda zai ce a kori yara ɗaki. A watannin da maigida ke dawowa daga kasuwa fuska a murtuke, dariyar nan ta yi mana aiki. Sai dai dariya ce ta dare ɗaya, da safe babu mai tuna abin da ya ba shi ita.

Na shida zai jawo mini faɗa da maƙwabtana, domin Labarina ne, kuma a unguwarmu duk wadda ba ta sa shi a farko ba ana yi mata kallon wadda ba ta san fim ba. Ban musa ba, Aminu Saira ya iya aikinsa. Ya san inda zai ajiye kyamara, ya san lokacin da zai bar jarumi ya yi shiru. Tun labarin Sumayya da aka fara da shi a 2020 muke biye da shi, kuma da aka sauya labari aka kawo Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara da Fatima Hussaini a matsayin Maryam, ba mu fasa zaman daren Juma'a ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne tushen labarin: mai kuɗi ya ɓoye dukiyarsa, ya shiga rigar talaka don ya gano wadda za ta so shi tsakani da Allah. A wata shekarar da na ji daɗinsa. Amma a shekarar da buhun gero ya gagari mai albashi, na kasa sakin jiki ina kallon wanda talauci a wurinsa riga ce, in ta ishe shi ya tuɓe ya rataye. Namu talaucin ba ya tuɓuwa. Ga kuma jan rai, abin da kashi biyu zai ɗauke sai ya ci biyar, kuma in wuta ta hana ka gani a talabijin, kowane kashi data ce za ka saya. Ya kwana a bakinmu, wannan gaskiya ne, amma gardamar ba ta wuce wa zai auri wa.

Kafin in ci gaba, na san za ka duba ka ga babu Mai Martaba. Fim ne na Hausa da Prince Daniel Aboki ya ba da umarni, aka ɗauke shi a Daura, da Adam A. Zango a ciki, kuma shi Najeriya ta zaɓa ya wakilce ta a gasar Oscar. Tallarsa kawai muka gani a waya. Labarin masarauta ne ta zamanin fataucin Sahara, ga mu zaune a kan ɗaya daga cikin hanyoyin da fataken suka bi, amma alƙalan Amurka sun riga mu ganinsa. Tunda a watan Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya, kuma ya san ciwon daga ciki, roƙona a nemo hanyar da fim zai riƙa isowa garuruwa irin Illela da Gada da Tangaza ta ƙofa, mu biya kuɗinmu ya shiga aljihun masu shi. Yanzu ta taga yake shigowa, in ma ya shigo. A shekarar ce kuma muka rasa Saratu Giɗaɗo, Daso, ranar 9 ga Afrilu, ana gobe Sallah. Inna da ta shekara ashirin tana tsine wa muguntar Daso a fim, ranar ta kasa taɓa kayan buɗa-baki. Allah ya jiƙanta da rahama.

Na biyar daga Indiya ya zo, kuma babu Shah Rukh Khan a ciki, babu wanda ya daki mutum ashirin shi kaɗai. Sunansa Laapataa Ladies, wato matan da suka ɓace, wata mata Kiran Rao ce ta ba da umarni, ya fito a watan Maris. Ango ya ɗauko amaryarsa a jirgin ƙasa, a taragon akwai wasu amaren, duk da jan lulluɓi iri ɗaya har ƙirji. Cikin dare suka iso tasharsu, ya tashi wadda yake zaton tasa ce, ya kai ta har gaban iyayensa, da aka buɗe fuska sai ga baƙuwa. Tasa amaryar, Phool, jirgi ya wuce da ita, ta sauka a tashar da ba ta san kowa ba.

Da farko dariya muka yi ta yi. Inda dariyar ta tsaya shi ne lokacin da ake tambayar yarinyar nan inda za a kai ta. Ba ta riƙe sunan ƙauyen mijin ba, sunan mijin kuma kunya ta hana ta faɗa, domin su ma mace ba ta kiran sunan miji, kamar dai mu. An koya mata girki da shara da ladabi, ba a koya mata yadda za ta kai kanta gida ba. Wata tsohuwa mai sayar da shayi a tashar ce ta riƙe ta, har ta fara yin alewar madara ana saye, ta karɓi kuɗin guminta na farko. Ɗaya amaryar kuma ashe da gangan ta bi angon da ba nata ba, karatun aikin gona take son yi aka aurar da ita.

Ke uwargida da ke karanta wannan, ki gwada abin da na gwada washegari. Na kira 'yan matana biyu na ce kowacce ta faɗa mini lambar wayar babansu da ka. Babbar ta kawo rabi, ƙaramar ta ce ai tana cikin wayata. A garin da mota ke tashi zuwa ƙasa biyu! Kafin sati ya zagayo duk yaran sun haddace, na kuma kai abin ajina. Shi ma wannan fim Indiya ta tura shi Oscar a shekarar da muka tura Mai Martaba, kuma da aka fitar da sunaye 15 da suka tsallake a watan Disamba, babu ko ɗaya a cikinsu. Hakan bai rage shi da komai a idona ba.

Na huɗu The Goat Life ne, amma bari in ajiye shi tukuna, tafiyarsu ɗaya da na farko.

Na uku Manyan Mata na Abdul Amart Mai Kwashewa. Ya tara manyan jarumai kamar ana biki, sai dai ba taron ne ya kai shi nan ba. Shi ne shirin Hausa da ya juya kyamara ya haska abin da ke ƙofar gidanmu: yaron da aka kai almajiranci tun bai iya wanke jikinsa ba, matar da aka saka da goyo babu ko kuɗin mota, magidancin da ke ƙara aure alhali na gida ba su ci ba. A Illela wannan ba labari ba ne. Almajiranmu daga ɓangare biyu suke zuwa, wani daga ƙauyukan Gwadabawa, wani daga can cikin Adar, kuma da aka rufe iyaka akwai yaran da iyayensu suka daɗe ba su leƙo su ba. Akwai wani ƙarami da ke mana wanke-wanke. Ana cikin kallon wani kashi na waiga na gan shi tsaye a bakin ƙofa da robarsa, yana kallon yaro irinsa a talabijin. Babu wanda ya yi magana a ɗakin. Daga ranar maigida ya ce abincinsa na dare a gidan yake, ba sai ya yi bara ba, kuma a nemo lambar mahaifinsa.

Aibinsa biyu a ganina. Wani lokaci jarumi kan daina magana da wanda ke gabansa ya koma yi mana lacca, alhali hoton ya riga ya faɗi komai. Sannan mafita kusan kullum daga hannun mai hali take fitowa, wata Hajiya ta tsaya da mota ta share hawaye. A ƙauyukanmu motar ba ta zuwa. Na so a nuna mana maƙwabciya talaka, ko liman, ko mai unguwa, suna yin abin da ke cikin ikonsu, domin su ne muke da su. Duk da haka ya fi sati a bakinmu, har ya haɗa maigida da abokansa gardama a majalisa, wasu na cewa an ci zarafin malaman allo, wasu na cewa iyaye aka taɓa ba malamai ba.

Na biyu ba wasan kwaikwayo ba ne, fim ne na gaskiya, African Apocalypse, wanda Rob Lemkin ya yi a 2020 aka kuma yi masa fassarar Hausa. Bayan an buɗe iyaka ƙanin maigida ya samo shi wurin wani abokinsa a Ƙonni. Wani matashi ne, Femi Nylander, ɗan asalin Najeriya da ya tashi a Ingila, ya zo Nijar yana bin sawun wani hafsan sojan Faransa, Paul Voulet, wanda ya ratsa ƙasar Hausa a 1899 yana ƙone garuruwa. Ya bi babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, tare da 'yan Nijar biyu, Amina Weira da Assan Ag Midal, yana tsayawa gari-gari dattawa na ba shi abin da kakanninsu suka gaya musu. A Lugu, Sarauniya Mangu ta tare rundunar a watan Afrilu. A watan Mayu suka auka wa Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yau ba a san adadinsa ba. A watan Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da Faransa ta aiko ya tsayar da shi, kwanaki kaɗan bayan haka nasa sojojin suka kashe shi, kabarinsa na Maijirgi.

Inna ba ta cika zama kallon abin da babu waƙa a ciki ba. Ranar tana kan tabarma tana jan carbi, sai ta ji wani dattijo yana magana a talabijin. Ta ɗago ta ce, "Wanga mutum ɗan garinmu na." Ta matso. Da aka gama, ta ba mu labarin da ta ji daga kakarta, na ranar da mutane suka watse cikin daji, wanda maigida ya rantse bai taɓa ji daga bakinta ba duk tsawon rayuwarsa. Yarana sun san sunan Lugga da faɗuwar Sakkwato a 1903 domin yana cikin littafin makaranta. Abin da ya faru a garin kakarsu, tafiyar 'yan mintuna daga ƙofar gidansu, babu shi a manhajarmu, saboda ya faɗa ɗaya gefen layi.

Shi kansa layin yana da nasa labarin. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato ta ce rabon Ingila ne, kuma Ƙonni na ciki. A 1904 suka sake zama suka turo layin kudu, domin Faransawa su samu hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Da haka Inna ta zama 'yar wata ƙasa, ɗanta ya zama ɗan wata, kuma layin nan ne ya sa ta wata bakwai tana lissafin bukukuwa da gaisuwar mutuwar da suka wuce ta. Fim ɗin yana da abin da ban so ba: ya cika tsayawa a kan shi Femi da abin da yake ji, har abokan tafiyarsa suka tambaye shi me ya sa abin bai nuna a fuskarsa ba. Ni dattawan nake so a bar su su yi ta magana.

Yanzu ga na huɗun da na ajiye. The Goat Life, wato rayuwar awaki, fim ne daga jihar Kerala ta kudancin Indiya, Blessy ya ba da umarni, ya fito ƙarshen watan Maris. An gina shi a kan labarin wani mutum na gaske, Najeeb, wanda ya tattara abin da ya mallaka ya sayi bizar Saudiyya a farkon shekarun 1990, ya bar matarsa da ciki. A filin jirgi wani Balarabe da ba shi ne kafilinsa ba ya kwashe shi ya kai shi tsakiyar hamada kiwon awaki, babu albashi, babu ruwan wanka, babu wanda zai yi magana da shi. Jarumin, Prithviraj Sukumaran, ya rame don fim ɗin har sai ka kawar da kai. Duk wadda ke da 'yar'uwa da wani ejan ya yi wa alkawarin aikatau a Jidda ko Riyad, ta nemi wannan fim. Abin da ya hana shi hawa sama da na huɗu tsawonsa ne, kusan awa uku, da kuma nisa. Muna kallo muna cewa Allah sarki, amma muna jin cewa wasu mutane ne a wata ƙasa.

Na farko bai bar mana wannan mafakar ba. Io Capitano, ma'ana ni ne kyaftin, wani ɗan Italiya Matteo Garrone ya yi shi a 2023. Ya ci kyautar ba da umarni a bikin finafinai na Benis, yaron da ya ja fim ɗin, Seydou Sarr, ya ci ta sabon jarumi, kuma ya shiga biyar ɗin ƙarshe na finafinan ƙasashen waje a Oscar ta 2024. Da yaren Wolof da Faransanci aka yi shi. Rubutun ƙasan allo na riƙa karanta wa mutanen gida, inda aka juya Faransanci kuma ƙanin maigida ya riga ni, domin kabu-kabu tsakanin Illela da Ƙonni ya koya masa.

Yara biyu ne 'yan'uwa a Dakar, Seydou da Moussa, 'yan shekara 16. Ba yaƙi ya kore su ba, ba kuma yunwa ba. Suna da gida, Seydou yana da uwa mai sonsa da ƙanne mata, waƙa suke so su je Turai su yi suna. Wannan ne abu na farko da fim ɗin ya faɗi daidai, domin yawancin samarinmu da ke tafiya ba daga bakin kabari suke gudu ba, hoton da aboki ya turo a waya ne ke hana su barci. Suka yi aikin gini a ɓoye suka tara kuɗi. Seydou ya ɗan gwada wa uwarsa maganar, ta taso masa, sai ya ce wasa yake yi. Da dare suka sulale.

Daga nan sai hanya. Fasfo na jabu, jami'in da ya gane jabu ne ya karɓi nasa ya ɗaga musu hannu, sannan Agadas. Da sunan garin ya fito a allo ɗakin ya yi tsit, domin daga nan Illela hanyar a miƙe take: Ƙonni, Tawa, Abalak, Agadas. Muna ganin masu bin ta, 'yan kudu da 'yan ƙasashen yamma da namu, da 'yar jaka a baya suna tambayar inda ake canjin sefa. Nijar ta kafa doka a 2015 da ta haramta safarar baƙin haure, sojojin da ke mulki suka soke ta a watan Nuwamban 2023, motocin suka koma tashi a fili. A fim ɗin an cusa mutane a bayan a-kori-kura kowa ya riƙe sanda, mutum ɗaya ya faɗo, direba ko waiwaye. Aka sauke su suka taka da ƙafa, wata mata ta faɗi tana kira, Seydou ya koma ya riƙe ta, ta cika a hannunsa, dole ya bar ta ya bi sahu. Mu nan ba mu manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da ƙananan yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Hausawa ne irinmu.

Abin da ya biyo baya a Libiya ba na yara ba ne, ka tura su ɗaki kafin nan. An raba 'yan'uwan, an kai Seydou gidan da ake azabtar da mutane har sai sun ba da lambar 'yan'uwansu an turo kuɗin fansa. Wani dattijo magini ne ya cece shi, ya ce yaronsa ne na aiki, aka sayar da su tare ga wani mai kuɗi suka yi masa gini. Wurin nan ya fi ko'ina taɓa maigida, ya ce duk fim ɗin sana'ar hannu ce kawai ta fitar da mutum. A ƙarshe Seydou ya gano Moussa a birnin Tarabulus da harbi a ƙafa, kuɗinsu bai kai na mutum biyu ba, sai masu safarar suka ce za su ɗauke su in shi zai tuƙa jirgin. Yaron da bai iya iyo ba aka danƙa wa rayukan mutane fiye da ɗari, da mata da masu ciki. Ya kai su gaɓar Sisili babu wanda ya mutu, jirgin sama na shawagi a kansa, yana ihu yana kuka. Nan fim ya ƙare.

Na kashe talabijin ina share ido. Ƙanin maigida, wanda rufe iyaka ya cinye masa jari har ya sayar da babur ɗinsa ya koma tuƙa na haya, wanda abokansa biyu ke haƙar zinariya a Jado ɗaya kuma yana Libiya, ya miƙe ya yi miƙa ya ce, "Anti, amma dai ai ya isa."

Inna ta ce, "Su waɗanda ba su kai ba hwa, wa ka yi musu fim?"

Bai amsa ba, ya fita. Wannan gardamar ce ta kai fim ɗin na farko, domin daga watan Yuni har shekara ta ƙare ba ta mutu ba. Maigida na ganin fim ɗin gargaɗi ne, duk mai hankali ya gani ya fasa. Ƙaninsa na ganin an nuna cewa mai zuciya yana kaiwa. Ni kuwa ina ganin kowannensu ya ga abin da ke ciki, kuma laifin na wanda ya yanke fim ɗin a inda ya yanke shi ne. Garrone ya gina labarin a kan bakin mutanen da suka yi tafiyar da gaske. Ɗaya daga cikinsu, Fofana Amara ɗan ƙasar Gini, shi ne ya tuƙa jirgi yana ɗan shekara 15, kuma da ya isa Italiya kurkuku aka kai shi, a matsayin mai safarar mutane. Wato jirgin saman da ke kan Seydou ba tarba ya zo yi masa ba. Bature da ke kallo a Rum ya san haka ba sai an faɗa masa ba. Saurayin da ke kallo a Illela bai sani ba, ihun nasara kawai ya ji. Minti biyar da aka ƙara da sun sauya hirar gidanmu.

Na gaya wa ƙanin namu labarin Fofana. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko yanzu yana ina. Na ce an sake shi, yana zaune a Turai. Ya ce, "To."

Yana cikin wani adashi da zai ɗauka a watan Afrilu. Yayansa ya ce ya kawo kuɗin su haɗa, ya riƙa bin motar albasa zuwa kudu, ribar a raba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Katinsa na ɗan ƙasa dai yana wurin Inna, ta karɓa ta ce za ta duba hoton, ta sa a ƙasan kwallarta ta rufe, kuma har yau bai yi ƙarfin halin tambayarta ba.